Mokolo: An horar da masu kare yara a unguwanni, amma ƙara na tsayawa a zauren jauro

Tun da rikicin Boko Haram ya tsallako daga Borno zuwa duwatsun Mandara, garin Mokolo, hedikwatar gundumar Mayo-Tsanaga a yankin Arewa Mai Nisa na Kamaru, ya zama matattarar ƙungiyoyin agaji. A ƙarƙashinsa sansanin Minawao yake, wanda aka buɗe a 2013, yake kuma ɗauke da 'yan gudun hijirar Najeriya fiye da dubu 70. Ga kuma Zamai, inda 'yan ƙasa da aka kora daga ƙauyukan kan iyaka suka yada zango. Cikin ayyukan da ƙungiyoyin suka fi zuba ƙarfi a kai har da horar da manya kan kare yara: iyaye, malamai, ungozoma, limamai da fastoci, sai kwamitocin unguwa da ake kira RECOPE, masu aiki da asusun UNICEF da ma'aikatar jin daɗin jama'a.

Dalilin fuskantar manya a bayyane yake. Yawancin cutar da ake yi wa yaro a cikin gida ake yin ta, ko a hannun wanda ya sani. Binciken MICS na 2014 ya nuna kusan kashi 85 cikin 100 na yaran Kamaru 'yan shekara 1 zuwa 14 sun sha duka ko tsawa mai tsanani da sunan tarbiyya. Jami'in gwamnati da ke ofis a Mokolo ba zai ga wannan ba. Maƙwabciya ce ke jin kuka ta bayan zana, malami ne ke lura yarinya ta daina zuwa aji. A wajen horon ana koya musu gane alamu, da sauraron yaro ba tare da tara masa jama'a ba, da garzayawa asibiti da wadda aka yi wa fyaɗe kafin awa 72 su cika, domin bayan nan maganin kariya daga ƙanjamau ba ya aiki. Hukumar lafiya ta duniya ma ta sa tallafa wa iyaye cikin dabaru bakwai na tsarin INSPIRE da ta fitar a 2016.

Inda gizo ke saƙa shi ne abin da ke biyo bayan ganowa. Ɗan kwamiti ɗan unguwa ne, rijiya ɗaya yake sha da wanda ake zargi, wataƙila ma surukinsa ne. Idan magana ta fito, ba wurin jandarma take fara zuwa ba, zauren jauro ko lawan ake kai ta. A can abin da ake nema shi ne rufin asiri: a biya kuɗin magani, a ba da haƙuri, wani lokaci a ɗaura wa yarinyar aure da wanda ya ɓata ta. Dokar hukunta laifuka ta ranar 12 ga Yuli 2016 ta toshe wannan ƙofa, domin sashe na 297 ya ce auren da aka yi daga baya ba ya hana shari'a, saɓanin tsohuwar doka. Sai dai alƙali ba ya hukunci a kan ƙarar da ba ta iso gabansa ba.

Ita ma dokar bakinta biyu ne. Sashe na 356 ya tanadi ɗauri ga wanda ya aurar da yaro ko yarinyar da ba ta kai 18 ba, alhali dokar rajistar jama'a ta 1981 ta sa 15 a matsayin shekarun auren mace. A yankin da binciken 2014 ya nuna fiye da rabin mata an aurar da su kafin 18, wannan giɓi ba ƙarami ba ne. Sannan da me za a tabbatar da shekarun? Yara da yawa a Mayo-Tsanaga ba su da takardar haihuwa, wasu an gudu an bar tasu a ƙauye. Rashinta kan hana yaro zana jarrabawar CEP ta kammala firamare, kuma yarinyar da karatunta ya tsaya a nan ita ce ta fi kusa da ɗakin miji.

Akwai kuma yunwa. Magidancin da ya baro gonarsa a Mayo-Moskota, yana ci da iyali a bukkar aro, ya san auren wuri ba alheri ba ne tun kafin a gaya masa a taron bita. Rage baki yake yi. Abin lura, a wannan gunduma ce, a Soulédé-Roua, gwamnati ta gwada shirin raba wa matalauta kuɗi hannu da hannu daga 2013, kafin a faɗaɗa shi da tallafin Bankin Duniya. Amma galibi kuɗin na bin hanyarsa, horon kare yara na bin tasa, ba safai suke haɗuwa a gida ɗaya ba. Dakatar da tallafin Amurka a watan Janairun 2025 ya ƙara tsuke aljihun ƙungiyoyin, kuma 'yan kwamitin da ma sa kai suke yi, ba albashi.

Waɗanda suka daɗe a fagen 'yan gida ne. Aïssa Doumara Ngatansou, wadda aka aurar tun tana ƙarama, tana cikin waɗanda suka kafa reshen ƙungiyar ALVF a Marwa a 1996, ta kuma karɓi lambar yabo ta Simone Veil a Faransa a 2019. Marthe Wandou ta kafa ALDEPA a 1998, aka ba ta lambar Right Livelihood a 2021. Dukansu sun riga rikicin, kuma ba a taron bita aikinsu ya tsaya ba: suna zama da sarakuna da malaman addini, suna kuma raka wadda aka zalunta zuwa asibiti da kotu.

Wannan rakiyar ce ta fi tsada, ita ce kuma ake fara yankewa idan kuɗi ya ja baya. Daga ƙauyen kan dutse zuwa kotun Mokolo akwai kuɗin babur, da kuɗin takardar likita, da zuwa da dawowa duk lokacin da aka ɗage zama. Ɗan kwamitin da ba shi da ko sefa a aljihu, zauren jauro ne kaɗai inda ƙafarsa za ta iya kai shi.