ƘARAMIN SOJAN DA AKA KORA, INA ZAI KAI KUKA?

Jama'a, a wannan mako za mu ɗauko wata magana wadda mutane da yawa su ke jin nauyin faɗarta a fili. Mun san akwai masu cewa me ya kai jaridar talakawa cikin irin wannan zance. Amsarmu gajera ce. Duk inda aka bar wata hanya da za a iya cutar ɗan talaka a ɓoye, kunya kuma ta hana shi kuka, to nan ne wurin aikinmu.

A watan Disamba na 2024 Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya sa hannu a kan sababbin sharuɗɗan aikin soja, a cikinsu kuwa har da hana luwaɗi da maɗigo. Wannan hani ba baƙo ba ne a bariki, domin sashe na 81 na Dokar Sojojin Nijeriya ya daɗe da tanadar ɗaurin da ya kai shekara 7 ga sojan da kotun soja ta kama da luwaɗi. Doka ke nan kamar yadda ta ke a rubuce. Tambayarmu daban ce. Idan an jingina wa ƙaramin soja wannan laifi, wa zai tabbatar da shi, da wace shaida? In kuma an kore shi bisa kuskure ko bisa ƙiyayya, wace ƙofa zai ƙwanƙwasa?

Kada wani mutumin Bakori ya ce wannan ba ta shafe shi ba. 'Ya'yan wa ke shiga kurtun soja? Ba 'ya'yan masu manyan motoci ba ne. 'Ya'yan manoma ne na Tsiga da Kabomo da Guga da Kakumi da Jargaba, da 'ya'yan masu awo da masu tebur na kasuwannin Funtuwa da Malumfashi. Uba ya kan sayar da buhun masara ko na waken soya ya haɗa wa yaro kuɗin mota da na takardu, yaro ya tafi Zariya barikin horon kurata, wanda ya ke nan tun 1924, daga can a tura shi Borno ko dajin da aka ga dama. Albashinsa shi ne takin zamani na gidansu, shi ne maganin tsohuwa, shi ne kayan ɗakin ƙanwa. Ran da aka kore shi, ba mutum ɗaya aka kora ba, gida guda aka tsuke wa baki.

Ya kamata kowa ya gane bambancin sallama da kora. Sojan da aka sallama cikin mutunci yana fita da takardar shaida mai kyau, in shekarunsa sun cika ya sami garatuti da fansho. Wanda aka kora kuwa ya kan rasa waɗannan, sa'an nan takardar ta bi shi duk inda ya sa ƙafa. Ya nemi aikin gadi a banki ko a wurin gurzar auduga, a ce ina takardarka ta barin soja. Ya nemi aure, a aika bincike. Ɗauri yana da ranar ƙarewa, amma mummunar takarda ba ta da ita.

To, yaya a ke korar soja? Hanya biyu ce. Ta farko kotun soja, inda hafsoshi ke zama su saurari shaidu, wanda a ke tuhuma kuma yana iya kawo lauya. Ta biyu ita ce shari'ar gaggawa gaban kwamanda, wadda a kan gama cikin ɗan lokaci, kwamandan bataliya kuwa yana da ikon korar ƙananan sojoji ta wannan hanya. Ga kuma sashe na 103, mai hukunta duk halin da aka ce ya ɓata ladabin aiki, wanda ya ke kamar babbar riga, kowane irin zargi yana iya shiga cikinta. Abin da zai ba ku mamaki shi ne, sashe na 117 ya hana kwamanda yi wa hafsa ko samanja shari'ar gaggawa sai ya ba shi zaɓi ko ya fi son a kai shi kotun soja. Farabiti da kofur ba a ambace su ba. Watau tun a cikin doka an raba 'yan bora da 'yan mowa.

Haka kuma batun afil. Wanda kotun soja ta yanke wa hukunci yana iya zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara, tsarin mulki na 1999 ya ba da wannan a sashe na 240. Amma sai ya nemi izinin kotun, cikin kwana 40 daga ranar da aka bayyana hukuncin. Ina kofur zai sami kuɗin lauya cikin kwana 40, alhali an tsai da albashinsa? Wanda aka kora a gaban kwamanda kuwa, sashe na 179 ya ce ya rubuta kuka, amma kukan nan tsanin bariki zai bi, daga wannan hafsa zuwa na samansa, dukansu kuwa gida ɗaya ne. Hukumar Sauraron Koke-koken Jama'a, wadda aka kafa a 1975 domin talaka, dokarta ta hana ta shiga abin da aka yi wa soja a ƙarƙashin dokar soja. Saura Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, ita ma sai da lauya da kuɗin mota da haƙurin shekaru.

Wannan wahala tana kan kowane korarren soja. Amma wanda aka kora da sunan luwaɗi nasa kashin ya fi na kowa tsami. Wanda aka ce ya gudu daga fagen fama yana iya tsayawa a tashar mota ya ce ƙarya ne, harsashi ne ya ƙare. Wanda aka ce ya yi sata yana iya kiran dangi su raka shi wurin lauya. Wannan kuwa ko mahaifinsa ba zai iya gaya wa ba. Zai dawo gida da dare ya ce aikin ne ya gaji da shi, ko kuwa ya ƙi dawowa sam, ya ɓace cikin Kano ko Ikko. Duk mugun da ke neman ya kawar da na ƙasa da shi ya san haka. Ka ƙi ba wani kason alawus ɗinka, ka ga abin da bai kamata ka gani ba a sito, ka yi faɗa da wani a kan bashi, kalma guda ta isa. Makamin da wanda aka sara da shi ba ya iya nuna raunin, ai babu makamin da azzalumi ya fi so kamarsa.

Masu cewa addini ne ya sa ba a tsayawa bincike, mu tambaye su, wane addini? Malamanmu na Malikiyya sun karantar da mu cewa irin wannan tuhuma ba ta tabbata sai da iƙirarin mai shi ko shaidu huɗu adilai waɗanda suka gani da idonsu, wanda ya jefi mutum da ita kuwa ya kasa kawo su, haddin ƙazafi bulala 80 ya hau kansa. Sun karantar da mu cewa leƙen asirin mutane haram ne, rufin asiri kuwa abin so ne. Shari'ar da ta tsananta hukunci ita ce ta tsananta shaida, don kada mutuncin bawan Allah ya zama abin wasa a bakin 'yan gulma. Wanda ya ɗauki rabin farko ya yar da na biyu ba addini ya ke karewa ba, son zuciyarsa ya ke bi.

Kada kuma a ce mana manyan bariki ba sa kuskure. A Disamba na 2014 kotun soja ta yanke wa sojoji 54 hukuncin kisa bisa laifin ƙin zuwa yaƙi da Boko Haram, su kuwa suna cewa ba a ba su isassun makamai ba. A Disamba na 2015 rundunar soja ta mai da hukuncin kisa na mutum 66 ɗaurin shekara 10. A shekarar nan ta 2015 aka sake duba takardun dubban sojojin da aka kora, aka mai da 3,032 bakin aiki. Ku riƙe wannan lissafi. Mutum 3,032 waɗanda jiya aka ce ba su cancanci kaki ba, da aka sake dubawa aka ce su dawo. Su sun ci sa'a suna da yawa, duniya ta ji kukansu, ga kuma canjin gwamnati. Wanda ya ke shi kaɗai, da zargin da ba ya faɗuwa, wa zai sake buɗe fayil ɗinsa?

Ga kuma yadda abin ya ke in mutum babba ne. A zamanin mulkin soja kotun soja ta kama wani Manjo da laifin lalata da wasu samari a ƙarƙashin wannan sashe na 81. Ya je Kotun Ɗaukaka Ƙara, ya je Kotun Ƙoli, a 2008 Kotun Ƙoli ta tabbatar da laifinsa. Duk da haka a watan Maris na 2013 sunansa ya fito cikin waɗanda gwamnatin Goodluck Jonathan ta yi wa afuwa. Ba mu ce a hana shi afil ba, hakkinsa ne. Abin da mu ke nunawa shi ne, wanda laifinsa ya tabbata, ga waɗanda ya cuta, an buɗe masa ƙofa bayan ƙofa har da ta afuwa, ɗan manomin da ba a tabbatar masa da kome ba kuwa ko ƙofa ɗaya bai gani ba.

Wasu ƙasashe sun ɗanɗani wannan. A Amurka, daga 1994 zuwa ran 20 ga Satumba 2011, an fitar da sojoji fiye da 13,000 saboda neman jinsi, da yawa kuma an rubuta dalilin a jikin takardar sallamarsu yadda duk mai ɗaukar aiki zai gani. Can suna da kwamitoci na musamman waɗanda tsohon soja ke rubuta wa cikin shekara 15 su sake duba irin sallamar da aka yi masa, da wasu kuma masu gyara fayil ko bayan haka. Da aka soke dokar, aka ga da yawa ba su nemi gyara ba, sai a 2023 Ma'aikatar Tsaro ta fara buɗe fayilolin da kanta, a Oktoba na 2024 ta ba da sanarwar cewa fiye da mutum 800 an mai da tasu sallamar mutunci. A Ingila an ɗage hanin a Janairu na 2000, a 2023 Firayim Minista Rishi Sunak ya ba waɗanda aka kora haƙuri a majalisa, a Disamba na 2024 aka buɗe hanyar biyansu diyya har fam 70,000 ga mutum ɗaya. Dokokinsu daban, namu daban, kowa ya san wannan. Darasin da mu ke so a ɗauka shi ne, takardar kora hannun mutum ne ya rubuta ta, tilas kuwa a sami wani hannu dabam da zai iya gyara ta.

Saboda haka jam'iyyarmu tana kira ga Majalisar Tarayya, musamman wakilan shiyyar Funtuwa, da su tsaya a kan abu biyar. Na farko, kada a kori soja bisa zargin da ya taɓa mutuncinsa sai a kotun soja, da shaida, da lauya. Na biyu, zaɓin da sashe na 117 ya ba hafsa a ba farabiti da kofur. Na uku, a kafa kwamitin sake duba kora mai zaman kansa, tsohon alƙali ya shugabance shi, da ofis a kowane babban birnin jiha, ba kuɗi, ana karɓar kuka da Hausa, ana zama a asirce in mai kuka ya nema. Na huɗu, a ba kowane korarre dalilin korarsa a rubuce, da kwafin shari'ar da aka yi masa. Na biyar, wanda ya tabbata ya ƙulla wa ɗan'uwansa sharri a hukunta shi, gumin shekarun da mutum ya yi yana tsaron ƙasa kuma kada a haɗiye shi sai da hukuncin kotu.

Ku kuma 'yan'uwa talakawa, akwai naku. In ɗanku ya dawo ba kaki, kada ku fara da zagi. Ku tambaye shi takardunsa, ku adana kowace, ku sa ya rubuta kukansa tun da wuri, domin kwanakin afil ba sa jira. Ku nufi Katsina ofishin hukumar ba da lauya kyauta da na Hukumar Kare Hakkin Ɗan Adam. Ku 'yan kasuwa, kada rumfarku ta zama kotu. Kome aka ce mutum ya yi, ba wanda ya ba ku ikon dukansa ko tozarta shi ko hana iyalinsa ciniki. Mutum ne, ɗan wani ne, ya kuwa kwana a daji lokacin da mu ke barci.

Waɗanda suka riga mu a wannan tafarki, 'yan NEPU da suka taso a Kano ran 8 ga Agusta 1950, sun sha ɗauri a kotunan En'e inda ba a yarda lauya ya shiga ba, an kira su 'yan iska, an kira su marasa addini, don kawai a hana jama'a sauraronsu. Mun san zafin a ɓata wa mutum suna sa'an nan a toshe masa baki. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Hanyar da aka bi aka kori wancan ba shaida, ita za a bi gobe a kori ɗanka.

Mu dai mun faɗa, za mu kuma ci gaba da faɗa har a gyara. Allah ya ba talaka sawaba, amin.