Littattafan Leƙen Asiri Da Zancen Kan Iyaka

A cikin watan Yuni na 2025 wani Bature mawallafi, Frederick Forsyth, ya rasu a Ingila. Malamanmu masu karatun Ingilishi, tun daga Birnin Kebbi har Argungu da Gulma, da dama sun san littattafansa, irin waɗanda in mutum ya fara ba ya iya ajiyewa sai fitila ta mutu. Abin da ya sa muka ɗauko zancensa shi ne, sana'ar tasa a ƙasarmu ta yi saiwa.

BBC ce ta aiko shi ɗaukar labarin yaƙin basasa a 1967. Suka saɓa, ya bar aikin, ya koma wajen Ojukwu, har ya wallafa The Biafra Story a 1969 yana goyon bayansa. Sai a 2015 ya faɗa da bakinsa cewa tun zamanin yaƙin nan yake yi wa MI6 aiki, watau hukumar leƙen asirin Ingila, kuma ya yi shekara fiye da 20 yana yi. Alhali kuwa Ingila ɗin nan ita ke sayar wa Gwamnatin Gawon makamai. Watau dai mai ba da labarin, shi kansa yana cikin labarin.

Saboda haka ba za mu ce littattafan nan ƙarya ce zalla ba. A cikin The Dogs of War na 1974 ya tsara yadda wani attajiri ya yi hayar sojan haya su kifar da wata ƙasar Afirka saboda ma'adini, ga shi kuwa a 2004 aka kama Simon Mann a Harare yana shirin yin haka ga Ikwatoriyal Gini. Aibinsu wani ne dabam. Mai littafi yana son ciniki, don haka kowace fitina sai ya rataya ta a wuyan wani mugu guda ɗaya da ke ɓoye, a shafin ƙarshe a tone shi, mai karatu ya yi barci da daɗi. Manomi da mai kiwo ba su da suna a ciki, sai dai a ƙirga gawarsu.

To, mu nan Kabi wannan ba zancen nishaɗi ba ne. Bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 aka rufe iyaka, Kamba ta yi tsit, ba a buɗe ta wajenmu ba sai Maris 2024. A Nuwamba ta shekarar Lakurawa suka auka wa Mera ta ƙasar Augie, aka yi asarar rayuka. A Disamba kuma Janar Tiani ya yi hira da Hausa, ya zargi Nijeriya da haɗa baki da Faransa don a dagula ƙasarsa, Malam Nuhu Ribadu ya ƙaryata. A irin wannan hali zancen 'yan leƙen asiri ya fi wutar daji gudu, kuma kowa so yake ya ji shi a tsare kamar na littafi, da mugu da jarumi.

Ba mu ce manyan ƙasashe ba su leƙa asirin ƙanana ba; Forsyth ya ishe mu shaida. Amma asirinsa shekara 47 ya yi a rufe, kuma shi ya buɗe da kansa. Yaya za a yi wanda ke zaune a tashar mota ya san na bana cikin mako guda?

Haɗarin kuwa a kan talaka yake. Kabawa da Zabarmawa da Arawa da Dandawa sun yi kafaɗa da kafaɗa tun tawayen Yakubu Nabame na 1849, iyaka daga baya ta zo ta ratsa su, auratayya ba ta yanke ba. Baƙon da ya zo cin kasuwar Gulma daga Doso ko Gaya, galibi ɗan'uwan wani ne a garin. In aka saba kiran irinsa ɗan rahoto ba hujja, wata rana taron jama'a zai ɗauki rai, wanda ya ga 'yan bindiga na gaske kuma ya ji tsoron faɗa, kada a ce shi ma nasu ne.

Akawu da malamin makaranta su ake kawo wa labari a ce su fassara. Muna roƙonsu su riƙa tambaya: wa ya gani, a ina, yaushe? In da ƙamshin gaskiya, a kai wa dagaci ko hakimi, su san yadda za su yi da 'yan sanda.