Garantin Baki Ba Ya Tada Mota



Akwai maganar da ta daɗe tana ci mana tuwo a ƙwarya, kusan duk zaman da aka yi a rumfar ƙungiya sai ta taso. Ita ce maganar motar hannu, 'yar Kwatano ko Beljiyam, wadda mutum zai saya da kuɗin shanu goma ko ashirin, ba a rufa wata biyu ba ta zama 'yar gareji. Yau zafi, gobe giya, jibi zafin nan dai ya dawo. In ka koma wa wanda ya sayar maka, sai ya ce ai akwai garanti, a kai ta wurin yaronsa. A taɓa nan, a taɓa can, a ba ka makulli, bayan sati biyu ka sake dawowa. Haka za a yi ta jan ka har kwanakin su cika, sannan a ce maka, "Alhaji, ai lokaci ya wuce." Ra'ayinmu shi ne, garantin da ba a rubuta ba hira ce kawai, kuma motar da cuta ɗaya ta kayar da ita sau uku, cinikinta ya kamata a warware.

Da farko mu san abin da muke saye. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto a 2020 cewa daga 2015 zuwa 2018 an fito da ƙananan motocin hannu miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, kuma kashi 40 cikin 100 Afirka suka nufo. Binciken da hukumomin Holan suka yi a lokacin ya nuna yawancin waɗanda ake lodawa daga can sun kai shekara 16 zuwa 20, kuma ba su da takardar shaidar lafiya mai aiki. Garantin kamfani kuwa, a sabuwar mota, galibi shekara uku ne ko kilomita 100,000. Ke nan kafin motar ta sauka tashar jirgin ruwa ta Kwatano ko Lome, wancan garantin ya daɗe da mutuwa. Abin da ya rage kawai shi ne alkawarin mai sayarwa. Ga shi tun da aka rufe iyakar Nijar da Benin a 2023 motoci da yawa suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, wanda ya sayar ya ƙara nisa, mayar masa da mota ya ƙara wuya.

To me ke sa cuta ɗaya ta yi ta dawowa? An kashe maciji ne ba a sare kansa ba. Ɗauki zafin inji. Bakanike zai canja gaskit ya ce an gama. Amma in lagireto ya toshe, ko famfon ruwa ya gaji, ko kan inji ya riga ya karkace saboda zafin da ya sha a hannun mai shi na farko, sabon gaskit ɗin ma ƙonewa zai yi. Alamun ba ɓoyayyu ba ne: ruwa na raguwa ba a ga inda yake zuba ba, farin hayaƙi a salansa, baƙin mai ya koma kamar an zuba masa madara. Haka batir da ke mutuwa kowane wata, yawanci abin da ke yi masa caji ne ya lalace. Tayar da ke cinyewa gefe ɗaya kuwa, a duba ƙafar motar da shasi, wataƙila ta taɓa yin hatsari aka shafe da fenti. Yaron mai sayarwa ya san duk wannan. Amma gaskit araha ne, kan inji tsada, kuma ubangidansa ne zai biya. Wanne kake jin zai zaɓa?

Wani zai ce, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Gaskiya ne, ba wanda ke neman tsohuwar mota ta zama sabuwa. Birki, taya, kuloci, waɗannan cinyewa suke yi, mai mota ne da ɗawainiyarsu. Amma tsufa daban, aibin da aka ɓoye daban, kuma mu ne ya kamata mu fi kowa sanin haka. Wa ke sayen sa bai buɗe bakinsa ya ƙirga haƙora ba? A karatun fiƙihu mun ji hukuncin wanda ya bar nono a hantsar saniya kwana da kwanaki don mai saye ya zaci mai yawan nono ce: mai saye na da ikon mayar da ita, ya haɗa da sa'i na abinci a madadin abin da ya tatsa. To mai mayar da agogon kilomita baya, ko ya cire ƙwan fitilar da ke nuna matsalar inji, me ya raba shi da wancan? Sai dai malamai sun ce wanda ya ga aibi ya yi shiru ya ci gaba da amfani, ana ɗaukar ya yarda. Shirun nan na kunya shi ke kashe mana haƙƙi.

Dokar kasuwanci ma ba ta bar mu haka ba. Nijar, Benin, Togo, Burkina Faso, Kamaru da Cadi duk suna cikin ƙasashe 17 masu bin dokar OHADA. A cinikin da ɗan kasuwa ya yi da ɗan kasuwa don sana'arsa, aibin da ke fili sai an sanar da mai sayarwa cikin wata ɗaya da karɓar kaya. Ɓoyayyen aibi kuwa, shekara ɗaya ake da ita don kai ƙara, daga ranar da aka gano shi ko ya kamata a ce an gano. Nijeriya da Gana ba sa ciki, can dokarsu daban. Amma ko'ina ka je, alƙali takarda zai fara tambaya. "Wallahi ya ce mini" ba ta cin shari'a.

Don haka muna ba da shawara kamar haka. Kafin a biya, a tafi da bakaniken da mai saye ya zaɓa da kansa, a tada injin da safe yana sanyi, a hau hanya da kaya, in motar zamani ce a jona mata kwamfuta. A gwada lambar shasi, mai harufa da lambobi 17, da wadda ke takardar duwan. Sannan a rubuta yarjejeniya gaban shaidu biyu: wata nawa ko kilomita nawa, inji da giya na ciki ko ba sa ciki, wa zai biya kaya, wa zai biya aiki, wa zai biya janwe in ta mutu a daji. A rubuta cewa kwanakin da ta yi kwance a gareji ba sa cikin lissafi, kuma in cuta ɗaya ta dawo karo na uku, a mayar da kuɗi ko a canja mota. In da hali a riƙe wani abu daga kuɗin a hannun amintacce har wa'adi ya cika. Duk gyaran da aka yi a karɓi rasit mai kwanan wata da kilomita, a kuma karɓi tsohon ƙarfen da aka cire. Kada wani bakanike ya buɗe injin kafin a sanar da mai sayarwa, domin da wannan ƙofar suka fi zillewa.

Mu asararmu ba ta tsaya kan kuɗin gyara ba. Wanda motarsa ta tsaya a hanyar Maigatari ranar Alhamis, ko ta Illela ranar Lahadi, ya rasa kasuwar sati guda. Babbar mota kuwa in ta kwanta da shanu talatin a hanyar Legas, cikin rana, ba ruwa ba ciyawa, nama ke zubewa a tsaye, wata ta faɗi a tattake ta. Ba garantin da ke biyan wannan.

Muna roƙon shugabannin ƙungiya su buga takardar yarjejeniya guda, da Hausa da Faransanci, a ajiye a kowane reshe. A kuma buɗe littafin ƙorafi, duk mai sayar da motar da ya ƙi cika alkawari bayan an saurari ɓangare biyu, a daina ciniki da shi. Mai gaskiya ba zai ji tsoron sa hannu ba. Wanda ya ce rubutu rashin yarda ne, a yi masa sallama a nufi rumfar gaba.

Allah ya sa albarka a kasuwa, ya kai mu gida lafiya.