Shafin asibiti da asirin majinyaci

A shekarar 2021 gwamnatin Jihar Oyo ta kwashe mabarata daga titin Jemibewon da ke gefen Sabo a Ibadan, ta kai su wani matsuguni a Akinyele, can bayan gari. Akwai makafi da guragu da yawa a cikinsu, kuma akasarinsu 'yan Arewa ne. An yi ta ja-in-ja a kan wannan mataki, amma akwai gefen da ba a cika tabowa ba. Daga Sabo zuwa asibitin koyarwa na UCH, wanda aka buɗe tun 1957, tafiya ce 'yar kaɗan. Daga Akinyele kuwa sai mutum ya shiga mota ya ratsa cunkoson Ojoo, ya biya kuɗinsa, ya biya na ɗan jagora. Wanda zai yi irin wannan tafiya yana bukatar ya sani tun yana gida ko likitan ido yana zama yau, nawa ne kuɗin kati, kuma gwajin da za a yi masa na kafin karin kumallo ne ko kuwa.

Amsoshin waɗannan tambayoyi suna ta ƙaura zuwa intanet. Asibitocin kuɗi da ɗakunan gwaje-gwaje sun buɗe shafuka, wasu a Facebook suke liƙa sanarwa, wasu ta waya suke tura sakamakon gwaji. Ci gaba ne, ba na musu. Matsalar ita ce wanda ya tsara shafin yakan ɗauka duk mai shiga irinsa ne: matashi mai ido garau, mai Turanci, mai babbar waya da isasshen data.

Masu ido da yawa ba su san cewa makaho yana amfani da waya sarai ba. A wayoyin Android akwai TalkBack, a iPhone akwai VoiceOver, a kwamfuta akwai NVDA wadda kyauta ake sauke ta. Mutum ya aza yatsa a kan gilashin, manhajar ta karanta masa abin da ke wurin. Amma rubutu kaɗai take iya karantawa yadda ya kamata. Idan asibiti ya zana jadawalin likitoci a matsayin hoto mai ado ya ɗora, ba tare da rubuta bayanin hoton a bayansa ba, abin da makaho zai ji bai wuce a ce masa akwai hoto ba. Idan gurbin rubuta suna da na lambar waya ba a sa musu laƙabi ba, bai san wanne yake cikewa ba. Sai kuma jarrabawar nan ta tantance mutum daga na'ura, inda ake cewa ka zaɓi hotunan da ke da mota. Nan tafiya ta ƙare masa.

Wani zai ce ai sai ya ba wani ya duba masa. To, nan ne ainihin inda nake ganin zaluncin yake. Majinyacin da shafi ya gagara ba ya fasa neman magani. Yaron da ke yi masa jagora zai miƙa wa waya, ko maƙwabci, ko mai shagon cajin waya. Ta haka sakamakon gwajin ciwon hanta, ko na ƙanjamau, ko na rashin haihuwa, zai faɗa idon wanda bai kamata ya gani ba. A unguwa irin Sabo, wadda tun kafuwarta a 1916 take zaune a kan sanin juna, inda maigida ya san baƙonsa kuma dillali ya san asalin kowa, magana ba ta kwana a baki ɗaya. Dattijon da ya aurar da 'ya'ya, a ce jikansa ɗan shekara goma sha biyu ne zai karanta masa cewa mafitsararsa ta kumbura! Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ce bayanin lafiyar majinyaci sirri ne, Dokar Kare Bayanai ta 2023 kuma ta sa shi cikin bayanai masu bukatar kariya ta musamman. Asibitin da ya kulle fayil a cikin kabad, amma ya tsara shafin da dole sai an sami ɗan tsakiya, ya cika harafin doka ya bar manufarta.

Kurame kuma ta wata fuskar abin ke cin su. Shafi da yawa lambar waya kawai suke bayarwa, su ce a kira. Bebe ya kira ya ce me? Abin mamaki a ce wannan na faruwa a Ibadan, garin da Andrew Foster, wani kurma baƙar fata daga Amurka, ya buɗe makarantar kurame a 1960. Saƙon tes ko lambar WhatsApp da ake amsawa da rubutu ya wadatar, sai a sa rubutu a ƙasan duk bidiyon wayar da kai. A kuma tuna cewa maganar hannu da kuraman Kano suka gada daban take da wadda ake koyarwa a makarantun Kudu.

Kada ma a ɗauka maganar nakasassu ce kawai. Binciken makanta na ƙasa da aka yi tsakanin 2005 da 2007 ya gano cewa kashi 4.2 cikin ɗari na 'yan Najeriya masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, kuma yanar ido ce kan gaba wajen jawo hakan. Masu gani dishi-dishi sun ninka wannan adadi. Dillalin shanu a Karar Akinyele da ido ya fara yi masa hazo, da mai sayar da tumatir a kasuwar Shasha da ke duba waya cikin tsakar rana, dukkansu siririn rubutu mai launin toka a kan fari ba zai karantu musu ba. Ƙa'idojin tsara shafukan intanet na WCAG, na ƙungiyar W3C, waɗanda aka fara fitarwa a 1999 aka kuma sabunta a 2023, sun ƙayyade cewa bambancin haske tsakanin rubutu da bango ya kai 4.5 bisa 1, kuma a iya ninka girman rubutu sau biyu ba tare da shafin ya hargitse ba. Ga kuma harshe. Asibitin da ke Moniya ko Mokola ya san masu zuwa wurinsa Yarbanci da Hausa suke ji. Naɗar muryar minti biyu da kowane harshe, mai bayanin ranakun zuwa da farashi da abin da za a riƙo, za ta amfani wanda karatun allo ya yi fiye da dogon shafin Turanci.

Na san amsar masu asibiti: wuta babu, dizal ya yi tsada, likitoci suna ficewa ƙasashen waje, kai kuma kana maganar launin rubutu. Gaskiya ne suna cikin matsi. Amma gina matakalar keken guragu ne ke cin siminti. Rubuta jadawali da haruffa maimakon hoto bai fi aikin yini guda ba ga wanda aka riga aka biya ya tsara shafin. Kuma ba alfarma ake roƙo ba. Dokar hana nuna wa nakasassu wariya da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ta tanadi tarar naira miliyan ɗaya ga kamfani, ta ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara biyar su gyara, wa'adin kuma ya cika tun farkon 2024. A Amurka, ma'aikatar lafiya ta fitar da ƙa'ida a 2024 da ta wajabta wa asibitocin da ke karɓar kuɗinta bin WCAG. Mu da muke karanta Suratu Abasa tun muna yara, muka san a kan wa aka saukar da ita, bai kamata mu jira tara ba.

Al'ummarmu ma na da abin yi. Hausawa sun daɗe da sarautun Sarkin Makafi da Sarkin Guragu, wato mutanen nan suna da shugabanni da za a iya zama da su. Shugabannin Sabo da na Shasha za su iya haɗa su da masu asibitocin da jama'armu suka fi zuwa. Kafin mai asibiti ya biya cikon kuɗin wanda ya tsara masa shafi, ya gayyato makaho ɗaya da kurma ɗaya da tsoho ɗaya, ya biya su ladan lokacinsu, ya ce kowa ya nemi ranar ganin likita da wayarsa, ba tare da wani ya sa masa hannu ba. Duk inda suka maƙale, a rubuta a mayar wa mai aikin.