Ra'ayinmu: Kirsimeti A Baƙunci

Ga shi watan Disamba ya raba tsakiya, tashoshin mota na Ikko da Badun da Anacha da Fatakwal sun fara cika da masu haramar tafiya gida. A cikinsu akwai 'yan'uwanmu Kirista 'yan Arewa, mutanen Filato da Kudancin Kaduna da Bauci da Gombe da Adamawa da Taraba da Barno, kowa da ɗan ƙunshin tsarabarsa, yana so ranar 25 ga wata ta riske shi a gaban iyayensa. Allah ya kai su lafiya, ya komo da su lafiya. Amma maganarmu ta yau da waɗanda ba za su tafi ba ce, watau waɗanda Kirsimeti zai same su a nan Kurmi, ko kuwa can a wata ƙasa. Ba kuwa kaɗan ba ne.

Dalilan rashin tafiyar ba ɓoyayyu ba ne. Tun da aka janye tallafin man fetur cikin watan Mayu na 2023 kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo, in Disamba ta zo kuma direbobi su ƙara nasu a kai. Daga Ikko zuwa Jos tafiya ce ta wajen kilomita 1,000, magidanci mai mata da 'ya'ya in ya yi lissafin zuwa da dawowa sai ya yi tagumi. Ga maigadi wanda ba dama ya bar bakin ƙofa, ga soja da ɗan sanda waɗanda lokacin biki ne aikinsu ya fi yawa. Akwai kuma waɗanda nasu ya fi ban tausayi. Mutanen Gwoza da 'yan Boko Haram suka kora cikin 2014, waɗansunsu sun watsu cikin biranen Kudu, waɗansu sun ƙetare zuwa sansanin Minawao a ƙasar Kamaru. Ba mu kuma manta da jajiberen Kirsimeti na 2023 ba, sa'ad da aka auka wa ƙauyukan Bokkos da Barikin Ladi aka hallaka mutum fiye da 100. Wanda aka ƙone masa gida, ina za a ce ya tafi biki?

Mun san abin da zuciya take begensa. Ana tuna sanyin hunturu da asuba, an gama girbi, rumbu ya cika da dawa da acca. Ana tuna matan Zumunta cikin ankonsu, da yara suna bi gida gida da sababbin kaya, da tsohuwa tana rarraba nama. Duk wanda ya ce wannan bege ba kome ba ne, bai taɓa yin baƙunci ba.

To, amma a tsaya a duba asalin bikin. Bisa ga Linjilar Luka, umarnin ƙidaya na Kaisar Augustas ne ya tashi Yusufu da Maryamu daga Nazarat zuwa Baitalami, tafiyar fiye da kilomita 100, ga ta kuwa da tsohon ciki. Da suka isa ba su sami wuri a masauki ba, aka haifi Yesu Almasihu aka kwantar da shi cikin komin dabbobi. Linjilar Matiyu kuma ta ba da labarin gudun da suka yi da jaririn zuwa Masar don tsoron Sarki Hirudus. Ashe Kirsimeti na fari ma a baƙunci aka yi shi, a matse, ba dangi kusa, ba shagali. Saboda haka maigadin da zai kwana a bakin ƙofa a Ikeja ran 24 ga wata, halinsa bai yi nisa da na makiyayan nan da suke tsaron garkensu da dare ba, su ne kuwa aka fara yi wa albishir.

Har wa yau Kiristan Arewa yana da wata gāra wadda ba kowane baƙo yake da ita ba. Tun cikin 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa, shi ne kuwa ya haɗa Birom da Angas da Bajju da Tangale da Bura a kan harshe guda wajen sujada. Ekklisiyoyin da suka tsiro a Arewa, kamar ECWA wadda ta tsaya da ƙafarta cikin 1954, da COCIN, da EYN wadda tushenta yake Garkida tun 1923, sun bi 'ya'yansu zuwa Kudu, ana kuwa yin sujada da Hausa a unguwanni da barikoki. Ayar da za a karanta a Kagoro ko Biliri ranar Kirsimeti, ita ce za a karanta a Ikko, ita ce kuma ɗalibinmu zai buɗe a ɗakinsa a Ingila ko Amurka, ko da ƙanƙara ta rufe ƙofa. Gari ya sake, abinci ya sake, harshen maƙwabta ya sake, amma abin da mutum ya ba da gaskiya gare shi yana nan yadda yake. Annabi Daniyel shekara da shekaru ya yi a Babila, bai fasa addu'arsa sau uku a yini ba.

Don haka muna jan kunne a kan abu biyu. Na fari, kada kunyar a ce wane bai zo gida ba ta sa mutum ya ci bashin da zai wuce Ista yana biya. Abin da za a ƙona a hanya, in an aika wa iyaye rabinsa ya fi musu amfani, ga waya kuma a hannun kowa, a kira a gaisa. Na biyu, kada kaɗaici ya tura samarinmu mashaya. Wanda ya kwashe kuɗin wata guda ya zuba a kwalba da sunan murnar haihuwar Mai Ceto, ya ɓata bikin, ya kuma ɓata kansa.

Muna kira ga fastoci da dattawan ekklisiya da su tuna zumunci a ƙafa yake. Sun san 'yan majami'arsu da aiki zai hana zuwa sujada. A rubuta sunayensu, a raba matasa su bi su har bakin ƙofar da suke gadi da kwanon shinkafa da addu'a. Kowane magidanci ya ƙara mudu guda a tukunya, ya kira gwauro ko sabon zuwa su ci tare. Daga cikin baikon ranar kuma a ware wani abu domin 'yan gudun hijira da gwauraye mata da marayu.

Ga masu gidaje da kamfanoni da suke ɗaukar mutanenmu aiki, muna tuna musu ranakun 25 da 26 ga Disamba ranakun hutu ne na ƙasa. In ba a iya sakin ma'aikaci yini guda ba, a ba shi sa'o'i kaɗan ya je majami'a ya dawo, a kuma biya shi hakkinsa kafin biki.

Ga 'yan'uwa Musulmi na Agege da Idi Araba da Sabon Badun kuwa, ku ma kun san ɗacin yin Salla nesa da gida. A can Arewa mun tashi mun tarar ana miƙa wa maƙwabci tuwon Salla, shi kuma ya miƙo shinkafar Kirsimeti. Kada wannan hali ya tsaya a gadar Jebba. A nan Kurmi in rigima ta tashi ba a tambayar addinin ɗan Arewa, duka sunanmu ɗaya. Ya kamata mu zama ɗaya a ranar farin ciki ma.

Iyaye kuma su yi amfani da ranar su zaunar da 'ya'yan da aka haifa a nan, su gaya musu sunan ƙauyensu da na kakanninsu, su koya musu addu'a da harshen gida. Yaron da ya san inda ya fito, ya kuma san abin da ya dogara gare shi, ba ya ɓacewa a cikin birni.

Muna yi wa dukan Kirista masu karatunmu barka da Kirsimeti. Allah ya ba ƙasarmu zaman lafiya, ya sa baɗi wanda yake so ya je gida ya tarar da gidan a tsaye. Amin.