Kafin a shigar da ɗanka sikana, tambayi abin da ke cikin ɗakin

Duk lokacin da aka kawo sabuwar na'urar sikana a wani asibiti, a Yamai ne ko Maradi ko Damagaram, sai a yi biki, manya su yi jawabi, a ɗauki hotuna. Ban taɓa jin ɗan jarida ya tambayi abin da aka ajiye a kabad ɗin ɗakin ba. Ni kuwa can hankalina yake.

Ba na musun amfanin na'urar. Tun 1971 aka fara ɗaukar hoton kan majiyyaci da ita a Landan, kuma yau yaron da kabu-kabu ya buge a ƙofar makaranta, ita ke nuna ko jini ya taru cikin ƙoƙon kansa. Amma sau da yawa, musamman a hoton ciki ko ƙirji, sai an ɗura wa mutum wani ruwa mai aidin ta jijiya don hoton ya fito tas. Yawancin mutane ɗumi kawai suke ji a jiki, da ɗanɗanon ƙarfe a baki, ya wuce. Kaɗan ne jikinsu ke ƙin ruwan: borin jini ya feso, fuska ta kumbura, maƙogwaro ya shaƙe, jini ya faɗi. Galibi cikin mintocin farko bayan allurar abin ke faruwa, majiyyaci na kwance, ma'aikaci na bayan gilashi.

Maganin sananne ne, kuma ba shi da tsada: allurar adirenalin a tsokar cinya nan take, iskar oksijin, da wanda ya iya aikin tsaye kusa. Allurar da za a rubuta wa uba a takarda ya ruga kanti ya sayo, wane amfani za ta yi wa yaron da numfashinsa ke tsinkewa? Haka yaron da aka ba maganin barci don kada ya motsa, ko wanda ya ji mummunan rauni, bai kamata a tura shi cikin na'ura babu likita ko ma'aikacin jinya a gefensa ba.

Na san za a ce malamin makaranta ya tsaya ga allo da alli. Wasu ma cewa suke tambayar likita rashin ladabi ne. To uban da ya sayar da rago ya biya kuɗin hoto, a ce ba shi da ikon tambayar "idan jikin yarona ya ƙi ruwan, me kuka tanada"? Ma'aikacin da ya shirya ba ya jin zafin wannan tambaya.

Iyaye ma da nasu laifin. Ana tambayar ko yaro na da fuka, ko ciwon ƙoda, ko magani ya taɓa tayar masa da bori, sai a ce "lafiya lau", don kunya ko gudun a ɗage ranar. Budurwa ko matar aure a tambaye ta ko tana da ciki, dangi su amsa mata. An gama hoto kuma sai sauri tasha kada motar ƙauye ta tashi, alhali zaman rabin awa a bakin ɗakin yana cikin aikin.

Mu malamai kuwa, rajistarmu na ɗauke da sunan uba da shekarar haihuwa, babu layi ɗaya kan lafiyar yaro. Hatsari ya faru ƙarfe goma na safe, uba na gona, mu ke ɗaukar yaron zuwa asibiti, mu ake tambaya, mu yi zuru. Wannan bai buƙatar kuɗin gwamnati. A taron COGES na farkon shekara, kowane uba ya faɗi ciwon ɗansa da maganin da ba ya karɓarsa, a rubuta kusa da sunansa, tare da lambar wayar da za a kira a ɗauka.