Kafin Yaro Ya Saki Reshe

'Yan'uwa malamai, akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a ɗakunan malamai da zaurukan gidajenmu, kuma takan yi ƙarfi ne duk lokacin da jami'o'i suka fitar da sunayen waɗanda suka ɗauka. Yaro ya nemi likitanci, an ba shi Kemistiri ko kimiyyar ƙananan halittu. Ya karɓa ba da son ransa ba, ya yi zango ɗaya ko biyu, sai ya dawo gida ya ce: "Baba, zan ajiye kwas ɗin nan in sake zana jarrabawa." Mu kuwa, da yake mun jima muna mafarkin a kira mu iyayen likita, sai mu yi shiru, shirun da yaro yake ɗauka amincewa ce.

Mun ga yadda abin ya kaya a gidan wani abokin aikinmu. Da kuɗin adashi ya biya wa ɗansa rajistar aji ɗaya a wata jami'a. Tun kafin zango na biyu ya raba, yaron ya daina shiga lacca, ya koma gida yana bitar littattafan sakandare. Bai rubuta wa kowa takarda ba, tafiyarsa kawai ya yi. Da sakamakon sabuwar jarrabawar ya fito, makin ya fi na bara, amma bai kai inda likitanci yake farawa ba. Ya koma neman tsohon gurbinsa, ya tarar an rubuta masa faɗuwa a duk darussan da ya yi wa rajista bai zauna jarrabawarsu ba. Uban bai gama zubin adashin ba a lokacin.

Ya kamata mu fahimci yadda tsarin yake, domin yaranmu sukan ɗauko shawarar da aka yi don wata ƙasa su ɗora a kan tamu. A Amurka ba a shiga makarantar likitanci sai bayan digiri na farko. Ɗalibin da ya janye daga darasi guda a kan kari, alama kawai ake sa masa a takardar sakamako, ba ta taɓa matsakaicin makinsa, kuma masu ɗaukar ɗalibai ba su cika damuwa da guda ɗaya ko biyu ba sai in abin ya zama ɗabi'a. Can darasi ɗaya ake ajiyewa, ɗalibi yana nan a makarantarsa. A nan kuwa, idan yaro ya ce zai ajiye kwas, gurbinsa na jami'a ɗungurungum yake nufi.

A Nijeriya babbar ƙofar likitanci ita ce jarrabawar JAMB, da darussa huɗu: Turanci, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji, a kan maki 400. Sai kiredit biyar na sakandare, wanda jami'o'i da yawa suke so a samu a zama ɗaya, sai kuma tantancewar jami'ar kanta. Wanda ya dawo ta wannan ƙofa sabon mai nema ne, da waɗannan za a auna shi. Saboda haka barin tsohon kwas ba tabo ba ne a karan kansa, kuma bai kamata mu tsorata yara da abin da ba haka yake ba. Matsalar tana wajen ƙuncin ƙofar. A 2024, cikin sakamako fiye da miliyan 1.8 da hukumar ta saki, kusan kashi 76 cikin ɗari ba su kai maki 200 ba, waɗanda suka kai 300 kuma ba su cika dubu tara ba a faɗin ƙasar. Ga shi Hukumar Kula da Likitoci ta MDCN ta ƙayyade wa kowace makarantar likitanci adadin da za ta ɗauka. Ko yaro ya ci maki mai kyau, kujerun ba sa ƙaruwa dominsa. Sakamakon kuma na shekara guda ne, ba a ajiye shi don baɗi.

Abin da yaro mai fita ba sallama yake rufe wa kansa ya fi wannan ciwo. Wasu jami'o'in sukan ba ɗalibin kimiyya da ya yi zarra a aji ɗaya damar canjawa zuwa likitanci in akwai gurbi. Ba kasafai ba ne, amma yana faruwa, kuma matsakaicin maki ne yake yanke hukunci. Sannan akwai shiga kai tsaye zuwa aji biyu, ƙofar da mu masu NCE muka sani sarai, don ta nan da yawanmu muka bi muka yi digiri. A likitanci tana buɗe ga masu sakamako mai ƙarfi na IJMB ko JUPEB, da kuma wanda ya kammala digiri mai daraja a fannin kimiyya da ya dace, sai ya yi shekara biyar maimakon shida. Duka hanyoyin nan biyu tsohuwar takardar sakamako suke dubawa. Yaron da ya raba hankalinsa, rabi a lacca rabi a littafin JAMB, yakan ɓata ta da hannunsa. In makin ya faɗi ƙasa da iyakar da jami'a ta sa, sai a yi masa gargaɗi, daga nan a sallame shi. Janyewa da takarda daban, sallama saboda faɗuwa daban, ko da yake a unguwa duka "ya bar makaranta" ake cewa.

Hukumar JAMB ba ta hana ɗalibin jami'a sake zana jarrabawa ba. Abin da take buƙata shi ne ya bayyana cewa ya riga ya zama ɗalibi, kuma ba a riƙe gurbi biyu a lokaci guda. Ke nan babu dalilin sakin na hannu tun na guje bai tsaya ba. Yaro ya ci gaba da karatunsa da gaske, ya zana jarrabawar, in sunansa ya fito a tsarin CAPS ya karɓa, sa'annan ya rubuta takardar janyewa ta hannun shugaban sashe, ya riƙe kwafi. In rashin lafiya ne ko rashin kuɗi, akwai neman ɗage karatu na wani lokaci, shi ma a rubuce, kafin jarrabawa ba bayanta ba.

Dole mu faɗa wa kanmu gaskiya, wani lokacin ba yaron ne mai son likitancin ba, mu ne. Mun sha jiran albashi, mun ga yadda ake kallon mai alli a hannu, sai muka ƙudura cewa namu ba za su ɗanɗana ba. Ba laifi ba ne. Amma abin kunya ne malamin da yake koyar da kimiyya a aji biyar ya nuna wa ɗansa cewa digirin Kemistiri ba karatu ba ne. Akwai kuma yaran da zuciyarsu ta kafe a kan likitanci tsakani da Allah, suka sake gwadawa suka dace, mun san su, muna alfahari da su. Ba mu ce a hana kowa gwadawa ba. Shekara ce muke jin tsoron a zubar a banza, mu da muka ga yajin aikin 2022 ya cinye wa ɗalibai wata takwas.

Muna roƙon shugabannin reshe su sa wannan batu a taronmu na gaba, kafin a buɗe rajistar JAMB a farkon shekara. A gayyato jami'in ɗaukar ɗalibai daga jami'a mafi kusa, a ce kowane malami ya zo da ɗansa ko 'yarsa da ke aji shida na sakandare ko aji ɗaya na jami'a, iyaye mata ma su zo, don sau da yawa su ake fara gaya wa. Kwamitin jin daɗin malamai kuma, duk wanda ya zo neman rancen kuɗin sabon fom, a tambaye shi cikin mutunci ko yaron yana da gurbi a wani wuri, kuma ko har yanzu yana shiga aji.